Jane Tennison: 'Yar Sandan da Ba Ta Nemi a So Ta Ba

A cikin dukan 'yan sandan da akwatin talabijin ya taɓa kawo mana har cikin ɗaki, maza da mata, babu wanda ya zauna mini a rai kamar Jane Tennison ta wasan Prime Suspect, wadda Helen Mirren ta fito a matsayinta. Na san wani zai ce ina Columbo da tsohuwar rigar ruwansa, wani kuma ya tuna mini da Derrick na Jamus. Duk ina ganin girmansu. Sai dai su da mai laifi kaɗai suke kokawa. Idan sun koma ofis, gida suka koma. Ita kuwa Tennison, ofis ɗin ma fagen daga ne.

Tashar ITV ta Birtaniya ce ta fara nuna wasan a watan Afrilu na 1991, kamfanin Granada ya shirya, Lynda La Plante ta rubuta. Marubuciyar ba daga ka ta ƙago matar ba. Ta daɗe tana bin wata jami'a ta gaske a rundunar 'yan sandan Landan, Jackie Malton, ɗaya daga cikin mata ƙalilan da suka kai muƙamin babbar sufeto mai binciken laifi a wancan zamani. Shi ya sa ofishin da ake nunawa yake da ƙamshin gaskiya: hayaƙin taba, takardu jibge a kan tebur, maza suna raha da juna, su yi tsit da zarar ta shigo.

Ga yadda labarin ya soma. An tsinci gawar wata budurwa a wani ɗaki a Landan. Jami'in da aka ba binciken, John Shefford, ya ce ya santa, karuwa ce mai suna Della Mornay. Nan da nan aka kama wani George Marlow, ana ta gaggawa a caje shi don a kafa tarihin saurin aiki. Ana cikin haka ciwon zuciya ya kayar da Shefford, ya ce ga garinku nan. Tennison, wadda ta daɗe da muƙami amma ana ta tsallake ta a duk lokacin da babban aiki ya taso, ta tafi wajen shugabanta Kernan ta ce a ba ta. Ba ta jira an gama zaman makoki ba. Mutanen ofis suka ga rashin kunya, kuma a ma'aunin al'ada suna da hujja. Amma ta san idan ta tsaya kara, wani namiji za a ɗauko daga wata unguwa a ɗora, ita kuma ta koma kan takardunta.

Abu na farko da ta gano shi ne gawar ba ta Della ba ce. Wata yarinya ce daban, Karen Howard, 'yar gidan masu hali. A nan ƙaunata gare ta ta samo tushe. Maza nawa suka tsaya a kan gawar nan, babu wanda ya dube ta da kyau, domin an riga an ce karuwa ce, karuwa kuwa ba a ɓata mata lokaci. Tennison ta duba. Daga baya da bincike ya kai ta arewacin Ingila, ta zauna da matan titi a mashaya, ta saurare su a kan ƙawarsu da aka kashe shekaru baya, wadda babu wanda ya damu ya bi kadinta. Ba ta yi musu wa'azi ba, ba ta kuma yi musu kukan tausayi ba. Ta ɗauke su shaidu masu hankali, ta ɗauki mamaciyar mutum mai suna da dangi. Duk wanda ya taɓa zama a inda ake auna darajar gawa da unguwar da ta fito, ya san nauyin wannan.

Saje Bill Otley, aminin marigayi Shefford, shi ya ja ragamar masu yi mata zagon ƙasa: ɓoye bayani, tsegumi, neman abin da za a kai sama a tsige ta. Har sunan da za a kira ta da shi sai da ya zama rigima. Suna kiranta da kalmar girmamawar da ake yi wa Sarauniya, wadda a bakinsu ba'a ce. Ita kuma ta nace sai an kira ta da abin da ake kiran kowane shugaba namiji, kamar dai mu ce oga. Ta gaya musu ita ba Sarauniya ba ce. Da manya suka yi shirin karɓe aikin daga hannunta, yaran nan da suka ƙi ta da farko su suka sa hannu a takarda cewa ita suke so. Ba ta saye su da fara'a ba. Sun ga tana riga su zuwa, tana bin su tashi, kuma abin da ta faɗa yana fitowa daidai.

Yanzu ga inda na san za mu saɓa da wasu masu karatu. Za a ce mini, wace irin abar koyi ce wannan? Tana zuƙar taba kamar bututu. Abokin zamanta Peter ya gaji ya kwashe kayansa. Ranar bikin haihuwar mahaifinta, abin da ya dame ta shi ne ko an naɗi shirin da ta fito a talabijin, da ta tarar ba a naɗa daidai ba ta yi wa tsohon faɗa a gaban jama'a. A kashi na uku, na 1993, ta zubar da ciki. A kashi na ƙarshe giya ta kusa cinye ta. Duk gaskiya ne, kuma ba zan yi mata kwalliya ba. Amma wasan ma bai yi mata ba, abin da ya sa na yarda da shi ke nan. Bai taɓa cewa ga hanya ku bi ba. Ya nuna farashin da aka sa mata, ya nuna ta biya, ya bar mai kallo da tambayar ko namijin da ke kujerar kusa da ita an nemi ya biya irinsa. Shi yana da mai dafa masa, mai rainon 'ya'yansa, mai yi masa uzuri idan ya kwana a ofis. Mun saba da jarumar da marubuci ke wanke wa tas kafin ya miƙo mana ita, mai haƙuri, mai hawaye, wadda ba ta taɓa ɗaga murya. Irin wannan tausayinta ake ji, a manta da ita kafin a kashe akwatin. Tennison kuwa takan ba ka haushi, washegari ka tashi kana tunaninta.

Kashi na biyu, na 1992, ya fi kowanne kusa da mu. An haƙo ƙasusuwan wata yarinya a bayan wani gida, a unguwar baƙaƙen fata 'yan asalin Karebiyan, inda tsakanin mazauna da 'yan sanda babu yarda ko ta anini. Aka kawo wani jami'i baƙar fata, Robert Oswalde, wanda mutanen unguwa ke gani a matsayin maci amana, abokan aikinsa kuma ba su ɗauke shi nasu ba. Wani saurayi ya mutu a ɗakin tsaro na caji ofis. Tennison ba ta fita da hannu tsarkakakke ba, kuma ƙarin girman da take nema wani aka ba. Ɗan zango ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Abin lura, an nuna shi kafin kisan Stephen Lawrence a Afrilun 1993, kisan da ya kai ga rahoton Macpherson na 1999, wanda ya ce wariyar launin fata ta yi saiwa a tsarin rundunar Landan kanta. Masu wasa sun riga hukuma faɗa.

Ita Helen Mirren fa? Tana da shekara 45 lokacin da aka fara nuna wasan, shekarun da masu shirya fim kan fara tura mace gefe. Ta fito daga dandamali, ta yi shekaru tana wasannin Shakespeare, kuma ana ganin wannan horo a yadda take sarrafa shiru. Ku dubi fuskarta idan wani ya yi mata baƙar magana a taro: ba ta mayarwa nan take, sai ta ɗan tsaya, ido a kansa, kana ganin ta rubuta ta ajiye. Ta yarda a nuna ta a gajiye, da kumburarren ido da gashi a hargitse, abin da taurari da yawa ba su yarda da shi. Ta ci kyautar BAFTA ta gwarzuwar 'yar wasa shekara uku a jere, 1992 da 1993 da 1994, ta ci Emmy biyu da wannan matsayi. Amurkawa sun gwada nasu a 2011 da wata 'yar wasa, bai wuce zango ɗaya ba. An kuma yi na ƙuruciyar Tennison a 2017, shi ma haka. Ba laifin waɗancan 'yan wasa ba ne. Rigar ce an ɗinka ta a jikin mutum ɗaya.

Akwai abin dariya a ƙarshen tafiyar. A 2006, shekarar da ta yi sallama da Tennison, a nan ne Mirren ta fito a matsayin Sarauniya Elizabeth ta Biyu a fim ɗin The Queen, ta kuma ci Oscar da shi a 2007. Matar da ta ce kada a kira ta Sarauniya, ga ta da rawani. Duniya ta fi saninta da wannan. Ni dai ko a wane fim na gan ta, oga nake gani.

A wannan kashi na ƙarshe, mahaifinta yana kwance a asibiti yana jiran sa'i, ita tana dab da ritaya, ga shari'ar wata yarinya 'yar makaranta da aka kashe. A taron masu neman rabuwa da giya ta yi kiciɓis da Otley, tsohon maƙiyinta, ya tsufa, ya daina sha, ya nemi gafararta. Tom Bell, wanda ya fito a matsayinsa, ya rasu kwanaki kaɗan kafin a nuna shirin. Da ta kammala binciken, abokan aiki suka haɗa mata liyafar ban kwana. Ba ta shiga ba. Ta ɗauki jakarta ta fita titin Landan ita kaɗai, su suna can ciki suna jiranta.