SHARHI: Haramci ba tare da madadi ba: Yadda matakan tsaron Abuja ke ƙarewa a kan ma'aikacin da ke jiran mota

Duk ma'aikacin da ya taɓa tashi daga Sakatariyar Tarayya bayan Magariba, ya tsaya bakin titi yana jiran motar Nyanya, Kubwa ko Lugbe, ya san irin lissafin da zuciya ke yi kafin ƙafa ta shiga mota. Sai an leƙa fuskar direba, an ƙirga mutanen da ke kujerar baya, an duba ko ƙofa na buɗuwa daga ciki. Fargabar 'yan fashin da ke fakewa da motar haya, waɗanda aka fi sani da 'yan wan-cans, ita ce matsalar tsaron da mazaunin Abuja ya fi cin karo da ita a kullum. Idan aka bi sawunta, za a tarar tana komawa ga shawarwarin da hukumomin birnin suka yi ta yankewa tun 2006 kan sufuri, kasuwanni, shara da fitilun titi.

A watan Oktoban 2006, Ministan Abuja na lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya haramta acaɓa a tsakiyar birnin. A 2013, a zamanin Sanata Bala Mohammed, aka hana ƙananan bas-bas shiga manyan hanyoyin cikin gari, da alƙawarin cewa manyan motocin safa za su maye gurbinsu. Daga baya aka taƙaita zirga-zirgar Keke Napep ga wasu unguwanni. Kowane mataki na da hujjarsa: haɗurra, ƙwace, cunkoso da tuƙin ganganci. Sai dai haramcin bai rage ko mutum ɗaya daga cikin masu buƙatar shigowa gari da safe da fita da yamma ba. Tsadar haya ta riga ta tura mafi yawan ƙananan ma'aikata da matsakaita zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, Suleja da Madalla a Jihar Neja, da garuruwan gefe irin su Kubwa, Zuba, Kuje da Gwagwalada.

Da motocin safar suka kasa wadatar da jama'a, sai kabu-kabu ya cike giɓin: motocin gida marasa fenti, marasa lambar haya, marasa rajista da kowace tasha. Bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ma'aikata masu motocin kansu ma sun shiga ɗaukar fasinja a hanyar ofis domin rage kuɗin mai. A nan ne gizo ke saƙar. A garin da mutanen kirki ke zuwa aiki cikin motoci marasa alama, motar ɗan fashi ba ta da wani bambanci da ta maƙwabcinka. Ɗan sandan da ke shingen bincike ba shi da abin da zai rarrabe su da shi, balle fasinjan da dare ya yi masa.

An ɗauki matakai biyu da suka nufi tushen matsalar. Jirgin ƙasan cikin gari, wanda aka buɗe a 2018 ya kuma tsaya lokacin annobar korona, ya dawo aiki a watan Mayun 2024. Amma layinsa ya bi ta Idu zuwa filin jirgin sama da kuma ɓangaren Kubwa, bai taɓa hanyar Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson safiya ya fi tsanani. A 2025 kuma aka ƙaddamar da tashoshin mota na zamani a Mabushi da Kugbo, waɗanda Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya danganta gina su da yaƙi da wan-cans. Tunanin daidai ne, domin fasinjan da ya shiga mota a tasha ya san an rubuta sunan direba. Amma amfanin tasha ya dogara da yawan motocin da ke lodi a cikinta, da kuɗin da ake karɓa, da ko ana samun mota bayan ƙarfe takwas na dare. Idan motar tasha ta fi ta bakin titi tsada ko jira, talaka zai koma bakin titi, ko da ya san hatsarin.

Baban bola da murafen magudanai

Irin wannan salo ya sake bayyana a watan Janairun 2025, lokacin da aka wayi gari an kwashe murafen ƙarfe na ramukan magudanar ruwa a wasu manyan titunan birnin. Hukumomi suka haramta yawon jari-bola a cikin gari, suka kuma rufe kasuwannin panteka na tsawon mako biyu domin tantancewa. Satar ta faru, kuma ramin da aka bari a buɗe a kan babbar hanya tarkon mutuwa ne ga direba da mai tafiya a ƙasa. Babu mai hankalin da zai ce a naɗe hannu.

Duk da haka akwai abubuwa biyu da sanarwar haramci ba ta warware ba. Na farko, murfin ƙarfe mai nauyi ba ya da amfani ga ɓarawo sai da dillalin da zai saye da masana'antar da za ta narka. Muddin ba a tilasta wa masu sayen ƙarfe ajiye rajistar abin da suka saya da wanda ya kawo ba, kama yaron da ke tura baro ba zai hana wani ya maye gurbinsa gobe ba. Na biyu, a unguwanni da dama na bayan gari inda motar kwasar shara ba ta shiga, baban bola ne ke kwashe sharar gidaje a kan ɗan abin da aka ba shi. Akasarinsu matasa ne da talauci ko rashin tsaro ya koro daga jihohin Arewa. Idan an kore su ba tare da an kawo motar shara ba, bolar za ta koma cikin kwata, ambaliya ta biyo baya da damina. Haka aka sha gani game da mabarata: an ba su wa'adin barin tituna a watan Oktoban 2024, kamar yadda ministocin baya suka yi, amma kame da mayarwa jihohi bai taɓa hana wasu dawowa ba, saboda abin da ya koro su yana nan.

Wa ke da alhakin titi?

Domin fahimtar dalilin da ya sa haramci ya fi sauƙi a Abuja fiye da gyara, sai an duba yadda aka gina mulkin birnin. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Sashe na 299, ya ce a ɗauki Babban Birnin Tarayya tamkar jiha, amma Majalisar Dokokin Tarayya ce ke yi masa doka, Shugaban Ƙasa kuma ke riƙe da ikon zartarwa, wanda yake danƙa wa minista a ƙarƙashin Sashe na 302. Sashe na 297 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukkan filayen yankin. A ƙasa kuma akwai ƙananan hukumomi shida, wato AMAC, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, masu mazaɓu 62, waɗanda Hukumar INEC ce da kanta ke gudanar da zaɓensu.

Jadawali na Huɗu na Kundin ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, fitilun titi, magudanai, kwasar shara, allunan talla, shaguna da gidajen abinci. Amma a tsakiyar Abuja, sassan Hukumar FCTA ne ke riƙe da yawancin waɗannan ayyuka: AEPB na kula da tsaftar muhalli, jami'an VIO na kula da ababen hawa, akwai sashen kula da gine-gine da na allunan talla, ga kuma hukumar tara haraji ta FCT-IRS. Sakamakon shi ne mai shago a Wuse ko Garki na iya karɓar takardun biyan kuɗi daga ofisoshi daban-daban a kan shago ɗaya. Wannan ma batun tsaro ne. Inda mutane iri-iri sanye da riguna masu sheƙi ke tare motoci suna neman rasit, direba ba ya iya bambance jami'in gaskiya da ɗan damfara, kuma ɓata-gari na samun rigar fakewa a kyauta.

Babbar illar wannan tsari ita ce rashin ƙofar da ɗan ƙasa zai ƙwanƙwasa. Kansilan da ya zaɓa ba shi da iko kan sufuri ko 'yan sanda, domin Sashe na 214 ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya tilo ga ƙasa baki ɗaya. Ministan da ke da iko kuma ba zaɓarsa aka yi ba, Shugaban Ƙasa yake yi wa bayani. Abuja ba ta da majalisar dokokin jiha. Cikin 'yan majalisar tarayya 469, uku kacal ke wakiltarta: sanata ɗaya da 'yan Majalisar Wakilai biyu. Sauran, ciki har da mafi yawan mambobin kwamitocin da ke duba kasafin birnin, ƙuri'unsu na can jihohinsu. Mai yanke hukuncin hana acaɓa ko rufe kasuwa ba ya fuskantar waɗanda hukuncin ya shafa a akwatin zaɓe, shi ya sa tambayar "me za su hau gobe?" ba ta da mai tilasta amsa ta.

Kuɗi a sama, ƙaranci a ƙasa

A watan Oktoban 2023 Shugaba Bola Tinubu ya amince a cire Hukumar FCTA daga asusun bai-ɗaya na TSA, abin da ya ba ta damar sarrafa kuɗin shigarta da karɓar rance domin ayyuka. An ga tasirin haka a tituna da gadoji da aka kammala. An kuma ga ƙarfin hukumar wajen karɓar haƙƙinta a watan Mayun 2025, lokacin da ta fara garƙame gine-ginen da ke cikin filaye 4,794 da aka soke takardunsu saboda bashin harajin ƙasa, har da hedikwatar Jam'iyyar PDP, kafin Shugaban Ƙasa ya ba da wa'adin kwana 14.

A daidai wannan lokacin ne makarantun firamare na gwamnati a ƙananan hukumomin shida suka kasance a rufe. Malamai sun shiga yajin aiki daga Maris zuwa Yulin 2025 kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da basussukan da suke bi. Ƙaramar hukumar da ta gaza biyan malami ba za a sa ran ta kunna fitilun titi ko ta riƙa biyan 'yan sintiri ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, bai amsa tambayar da ta fi damun mazaunin Kwali ko Abaji ba: nawa ke shigowa kowane wata, kuma ina yake tafiya? Shugabannin ƙananan hukumomin ma na da bayanin da ya wajaba su yi.

Wannan ƙaranci ya fi hatsari a gefen gari. Harin da aka kai gidan yarin Kuje a ranar 5 ga Yuli, 2022, da sace-sacen mutanen da suka girgiza yankin Bwari a watan Janairun 2024, sun nuna cewa barazanar na shigowa ta dazuzzuka da duwatsun da suka haɗa Abuja da Neja, Kaduna, Nasarawa da Kogi. A irin waɗannan wurare, dagaci da maharbi da ɗan sintiri ne ke fara ganin baƙuwar fuska, kuma ƙaramar hukuma ce mafi kusa da su. Hanyar karkara mai kyau da ke ba motar jami'an tsaro damar isa ƙauye cikin minti 20 ta fi wani sabon shinge a Maitama amfani.

Akwai kuma darasin kyamarorin tsaro. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin kwangilar dala miliyan 470 domin tsarin sadarwar tsaro da ya haɗa da kyamarori a Abuja da Legas, akasarin kuɗin kuma rance ne. Cikin 'yan shekaru aka riƙa ganin sandunan a tsaye babu aiki, an kwashe faifan sola da batura, har Majalisar Wakilai ta binciki lamarin. Kafa na'ura abu ne na rana ɗaya mai zuwa da bikin yanke ƙyalle. Kula da ita aikin kullum ne da ba ya fitowa a talabijin, shi ya sa kasafinsa ke zama na farko da ake yankewa. Duk sabon shirin fitilu ko kyamarori da bai zo da kuɗin gyara na shekaru da sunan ofishin da ke da alhaki ba, hanyar da na baya ya bi zai bi.

Abin da ke hannun masu rubuta takarda

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi su ne ke tsara takardun da minista ko ɗan majalisa ke sa wa hannu. Akwai abubuwan da ba su buƙatar gyaran Kundin Tsarin Mulki. Kowace takardar haramci ta zo da shafi na biyu mai bayyana madadi, ranar fara aikinsa da kuɗinsa. A yi wa duk motar da ke ɗaukar fasinja rajista mai sauƙi da arha, da lamba babba a jikinta, har da motocin ma'aikatan da ke kabu-kabu, domin rajista mai tsada korar mutane take yi zuwa ɓoye. A tilasta wa dillalan panteka ajiye littafin ciniki, a ba 'yan jari-bola katin shaida ta hannun ƙungiyoyinsu. A fitar da jadawali guda na harajin da mai shago zai biya da ofishin da zai karɓa, a hana karɓar kuɗi a kan titi. Ƙananan hukumomin shida kuma su riƙa wallafa abin da suka samu da abin da suka kashe duk wata.

Kwamitocin Abuja na majalisun biyu na da ikon neman waɗannan bayanai a lokacin kare kasafi, su kuma buɗe zaman jin ra'ayin jama'a kamar yadda majalisar jiha za ta yi. Hadimin da ke shirya wa shugaban kwamiti tambayoyi na iya farawa da wadda sakatariyarsa ke yi wa kanta kowace yamma: motoci nawa masu rajista ke tashi zuwa Nyanya bayan ƙarfe takwas, kuma nawa ne kuɗin kujera?