Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kyauta

Duk shekara a watan Mayu akan shimfiɗa jar darduma a garin Cannes da ke gaɓar tekun Faransa, manyan duniya su tako a kanta, maza cikin baƙar kwat, mata cikin tufafin da kuɗinsu zai ciyar da unguwa guda. To, me suka zo kallo? Sau da yawa wahalar talaka suka zo kallo. A nan gizo ke saƙar, kuma a kan wannan muke da ja.

Alal misali, a 1999 'yan'uwan nan biyu na Beljiyam, Jean-Pierre da Luc Dardenne, sun ci babbar kyautar bikin, wato Palme d'Or, da fim ɗin Rosetta, labarin wata budurwa mai fafutukar neman aiki, ga uwa mashayiya. A 2016 Ken Loach na Ingila ya ci ta da I, Daniel Blake, labarin wani kafinta a Newcastle da ciwon zuciya ya hana shi aiki, ofishin tallafi kuma ya yi ta yi masa jeka-ka-dawo. Abin ma har ya kai ga ban dariya a 2022, lokacin da Ruben Östlund na Suwidin ya ci kyautar da Triangle of Sadness, inda ya yi wa attajirai zambo, su kuwa masu hannu da shunin da ke zauren suka miƙe suna tafa masa. Zagin da wanda aka zaga ya yi wa tafi, anya ya taɓa shi kuwa?

Kada mai karatu ya ɗauka muna kushe waɗannan finafinai ne. Yabon gwani ya zama dole. Sun fi ƙarfin hayaniyar Hollywood, suna da haƙuri, suna kallon ɗan Adam ido da ido. Ƙorafinmu yana kan hanyar da aka shata musu: daga Berlin a Fabrairu, zuwa Cannes a Mayu, zuwa Venice a ƙarshen Agusta, sai 'yan ƙananan gidajen sinima na manyan birane, shi ke nan an rufe littafi. Manyan zaurukan Cannes kuwa sai da takardar izini ko katin gayyata, saboda haka irin su Rosetta ba su da kujera a wurin da ake yi musu kuka.

Wani zai ce ai idan babu bikin, babu mai sayen fim ɗin balle a gan shi. Mun yarda. Amma tsani ba masauki ba ne. Berlin na sayar wa kowa tikiti, Locarno ta Suwizalan kuma na haska finafinai a dandalin gari mai ɗaukar mutum kusan 8,000. Ashe ana iyawa.

Hujjarmu mafi ƙarfi ita ce Io Capitano na Matteo Garrone ɗan Italiya, labarin samari biyu 'yan Senegal da suka bi ta Agadas, suka keta Sahara zuwa Libiya da nufin tsallakawa Turai. Ya ci kyautar gwanin darakta a Venice a 2023. Bai tsaya nan ba. A 2024 ya ɗauki majigi ya zaga garuruwan Senegal yana haska wa matasan da aka yi fim ɗin a kansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka hukuncin waɗannan matasa ya fi na alƙalan kowace gasa nauyi.

Matsayinmu ke nan: duk wanda ya ci kyauta da hawayen talaka, ya ci bashi, kuma bai biya ba sai ranar da talakan ya zauna ya kalla, ya ce an yi gaskiya ko an yi masa ƙarya. In ba haka ba, kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kyauta.