Iyakar Mai Gadin da Ke Karanta Saƙo a Zuciyar Linux

A ranar 19 ga watan Yuli na shekarar 2001, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta da kanta, wadda aka laƙaba wa suna Code Red, ta kama kwamfutoci fiye da 350,000 a cikin ƙasa da sa'o'i 14. Hanyar shigarta guda ɗaya ce, wato ta aika wa kwamfutar da ke ɗauke da shafukan intanet wata doguwar buƙata wadda a farkonta akwai kalmar default.ida. Ganin haka sai wata dabara ta faɗo wa masu kula da hanyoyin sadarwa a ƙasashe da dama: tun da ɓarawon yana shigowa da tabo a goshi, me zai hana a tsayar da mai gadi a bakin ƙofa, ya duba kowane saƙo, duk wanda ya ga tabon a jikinsa ya yar da shi? Waɗanda ke amfani da Linux a matsayin katangar tsaro sun iya yin hakan, amma ta hanyar wani faci da ake liƙawa daga waje, domin a lokacin ba a karɓi irin wannan bincike a cikin zuciyar manhajar ba. Sai bayan shekara huɗu aka gina masa gurbi na dindindin. Ginin ya yi kyau ƙwarai, kuma ya cancanci ɗalibin kimiyya ya nazarce shi. Sai dai yawancin masu dogara da shi don tsaro suna ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin abin da ake nufi da zuciyar manhaja. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja mai tafiyar da ita, kuma a tsakiyar wannan manhaja akwai wani sashe da ke raba wa sauran manhajoji lokacin aiki da wurin ajiya, shi ne kuma ke hulɗa kai tsaye da faifai da wayar sadarwa. Idan ƙaramar manhaja ta yi kuskure, ita kaɗai za ta mutu, a sake kunna ta. Idan kuwa zuciya ce ta yi kuskure, kwamfutar baki ɗaya na iya durƙushewa. Saboda haka masu kula da zuciyar Linux, wadda Linus Torvalds ya faro a Helsinki a 1991, suke da rowar karɓar sabon abu, kuma rowar tasu tana da hujja.

Neman kalma a cikin rubutu abu ne mai sauƙi idan rubutun yana shimfiɗe wuri ɗaya. A cikin zuciya ba haka abin yake ba. Saƙon da ke tafiya a intanet ana yanka shi ƙunshi ƙunshi, kowane ƙunshi bisa al'ada bai wuce bayit 1,500 ba, bayit kuwa shi ne awon da ke ɗaukar harafi guda na boko. Shi kansa ƙunshin, idan ya iso, ba lalle ne a ajiye shi a jere ba. Kansa yana iya zama a nan, cikinsa a can, wutsiyarsa a wani wuri dabam. A tattara shi wuri ɗaya kafin a bincika ɓarnar lokaci ce, ga kwamfutar da dubban ƙunshi ke ratsa ta a kowace daƙiƙa.

Maganin da Thomas Graf, wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya kawo a 2005, wanda ya shiga Linux 2.6.13 da sunan textsearch, shi ne ya raba aikin gida biyu. A gefe guda akwai mai miƙo rubutu, wanda aikinsa kawai shi ne duk lokacin da aka ce masa ya kawo gutsure na gaba, ya kawo. A ɗaya gefen akwai dabarar bincike, wadda ba ta san daga ina rubutun ya fito ba, ba ta kuma buƙatar sani. Abin ya yi kama da ƙota da ruwan fartanya: ƙota ɗaya ce, manomi ya zare wannan ruwa ya sa wancan gwargwadon ƙasar da zai nome. Mai neman bincike yana ambaton sunan dabarar da yake so da jerin haruffan da yake nema, zuciya ta ɗauko dabarar daga faifai in ba ta riga ta ɗora ta ba, ta shirya jadawalin lissafinta sau ɗaya tak, daga nan a yi ta amfani da shi a kan kowane ƙunshi. Wanda ya zo da sabuwar dabara gobe ba sai ya taɓa katangar tsaro ba; ya rubuta tasa, ya yi mata rajista da suna, shi ke nan.

Biyu daga cikin dabarun da aka sa a wannan ƙota tsofaffi ne, dukansu an buga su a 1977, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ƙashin bayan wannan magana. Ta farko ita ce ta Knuth da Morris da Pratt. Alal misali, a ce ana neman kalmar kankana a cikin rubutun da ya ce kankankana. Mai bincike ya bi haruffa shida, kankan, duk sun dace, sai a na bakwai ya tarar da k a inda yake jiran a. Marar dabara zai koma baya ya sake farawa daga harafi na biyu. Ita kuwa wannan dabara ta riga ta lissafa tun farko cewa kan ɗin da ke ƙarshen abin da aka karanta daidai yake da kan ɗin da ke farkon kalmar, don haka sai ta riƙe cewa haruffa uku sun riga sun dace, ta ci gaba daga inda take. Ba ta taɓa ja da baya a cikin rubutu, kuma abin da take riƙewa a ka lamba ɗaya ce kurum, wato haruffa nawa suka dace zuwa yanzu. Wannan ya sa idan gutsure ya ƙare a tsakiyar kalma, tana tsallakawa zuwa na gaba ba tare da ta ɓace ba.

Ta biyu, ta Boyer da Moore, wadda Pablo Neira Ayuso na ƙasar Sifen ya ƙara a Linux 2.6.14 a wannan shekara ta 2005, daga wutsiyar kalma take farawa. Tana aza kankana a kan rubutu, ta duba harafi na bakwai tukuna. Idan ta tarar da z, wanda babu shi ko kaɗan a cikin kalmar, ta san babu amfanin duba shidan da ke gabansa, sai ta yi tsalle haruffa bakwai a lokaci guda. Gwargwadon tsawon kalma, gwargwadon nisan tsalle. Amma saurin yana da farashi. Yadda aka rubuta ta a cikin zuciya, kowane gutsure take bincikawa shi kaɗai, don haka kalmar da ta faɗo rabi a wannan gutsure rabi a wancan za ta wuce ta. Abin yabo a nan shi ne marubucin bai ɓoye wannan aibi ba. A saman rubutun manhajar ya yi gargaɗi ƙarara cewa mai aikin tsaro ya ɗauki dabara ta farko, wanda kuwa rarraba ƙunshi kawai yake yi don ba wa wasu fifiko a hanya, kuma kuskure jefi jefi ba zai cutar da shi ba, ya ɗauki ta biyu. Tsarin da ke tilasta wa mutum ya zaɓi tsakanin sauri da tabbas, ya kuma gaya masa abin da zai rasa, ya fi wanda ke yi masa zaɓin a ɓoye. Akwai ta uku, mai yarda a ce kowane harafi ya dace a wani gurbi, amma ba ta samu masu amfani da yawa ba.

To, ina matsalar take? Ko da dabara ta farko aka zaɓa, mai gadin nan ƙunshi ɗaya yake gani a lokaci guda, kuma da zarar ya wuce ya manta da shi. Maharin da ya san haka sai ya aika defa a ƙunshi ɗaya, ult.ida a na biyu. Mai gadi ya duba na farko bai ga kome ba, ya duba na biyu bai ga kome ba, kwamfutar da ake hari kuwa ta haɗa su ta karanta kalmar cif. Wannan ba sabon sirri ba ne. Thomas Ptacek da Timothy Newsham sun bayyana ire-iren waɗannan hanyoyin kaucewa dalla dalla tun 1998. Bugu da ƙari, ƙa'idar adireshin intanet ta yarda a rubuta harafin d da alamar %64, ma'ana ɗaya, siffa dabam. Ta ɗaya ɓangaren kuma mai gadin yana kama marar laifi. Wasiƙar da wani malami ya aika wa abokan aikinsa yana gargaɗinsu game da Code Red tana ɗauke da kalmar nan, kuma idan ba a taƙaita dokar da kyau ba ita ma za a yar da ƙunshinta. Mai aikawa zai yi ta sake turo shi, ana ta yarwa, har haɗin ya tsinke, babu wanda aka gaya wa dalili.

Halittu sun daɗe da shiga wannan hali. Bakteriya tana kare kanta daga bairos masu cin ta da wasu sinadarai masu yanka DNA, waɗanda bincike a kansu ya ba Arber da Nathans da Smith kyautar Nobel a 1978. Ɗaya daga cikinsu, EcoRI, aikinsa shi ne ya bi zaren DNA yana neman haruffa shida, GAATTC, inda duk ya same su ya yanke. Tun da haruffan DNA huɗu ne, jeri mai haruffa shida zai faɗo da kansa kusan sau ɗaya a cikin kowane 4,096, har a cikin DNA ɗin bakteriyar kanta. Shi ya sa dole ta yi wa nata wuraren lamba da wani sinadari don kada ta yanka kanta. Su kuma bairos ba su zauna ba. Wanda ake kira T4 yana sauya ɗaya daga cikin haruffan nasa, ya kuma lulluɓe shi da sukari, sai mai yankan ya bi ta kansa bai gane shi ba. Bakteriya ba ta watsar da wannan makami ba, domin yana da araha kuma yana rage mata abokan gaba, amma ba ta tsaya a kansa shi kaɗai ba.

Intanet ma ya yi irin lulluɓin T4. A 2001 yawancin saƙonni a buɗe suke tafiya, kowa a hanya na iya karantawa. Yanzu mafi yawan zirga-zirgar shafukan intanet a kulle take da lissafin sirri, abin da mai gadi ke gani tarkacen lambobi ne. Ko inda rubutu yake a buɗe, bayit yake kwatantawa, bai san harshe ba. An ƙara masa ikon ɗaukar babban baƙi da ƙarami a matsayin abu ɗaya, amma bayit ɗaya ɗaya yake juyawa, alhali ƙ da Ƙ, ko ɗ da Ɗ, kowannensu bayit biyu ne a tsarin rubutun da intanet ke amfani da shi. Wanda ya sa shi neman ƙasa ba zai samu Ƙasa ba.

Wasu za su ce ai gyaran a fili yake: a koya wa zuciya ta riƙa haɗa ƙunshi, ta warware alamomi, ta fahimci kowace ƙa'idar sadarwa. An gwada wani abu mai kama da haka. Aikin L7-filter ya shigar da bincike mai sarƙaƙiya a cikin zuciya ta hanyar faci, kuma ba a taɓa karɓarsa a babban reshen Linux ba. Ƙin karɓar daidai ne. Duk manhajar da ke fassara abin da baƙo ya aiko ƙofa ce da baƙon zai iya ɓallewa, kuma ɓalle ta a cikin zuciya ba daidai yake da ɓalle ta a waje ba. Hatta ƙaramar dabarar Boyer da Moore, wadda ba ta wuce 'yan shafuka ba, sai a 2023 aka gano aka gyara wani kuskure a cikinta da ke sa ta tsallake kalmar da ke cikin gutsure na gaba, bayan ya kwana a wurin shekara 18. Idan ɗan wannan ya ɓoye kuskure tsawon haka, ina ga babban injin fassara? Bincike mai zurfi wurinsa waje ne, inda manhajoji irin su Snort, wadda ta fito a 1998, da Suricata, ta 2010, suke haɗa saƙo su karanta shi cikakke, kuma Linux yana da hanyar miƙa musu ƙunshi su yanke hukunci su mayar.

Inda textsearch yake da amfani na gaskiya shi ne inda babu mai ƙoƙarin yaudararsa. Manhajar ajiyar bayanai ta Amanda, alal misali, tana sanar da lambar ƙofar da za ta buɗe a cikin rubutun saƙonta, kuma da wannan tsari zuciya ke nemo kalmomin ta buɗe mata hanya. Haka nan mai rarraba zirga-zirga yana iya gane wani nau'in saƙo ya sa shi a layin gaba ko na baya. Haka kuma a ranar da wata annoba irin ta Code Red ta ɓarke, doka ɗaya mai neman jerin da bai wuce bayit 128 ba, wanda shi ne iyakar da iptables ta yarda da shi, tana iya rage ambaliyar na 'yan sa'o'i kafin a toshe ainihin ɓarakar, tun da tsutsa marar wayo ba ta sauya kamanninta. Lokacin da aka shigar da nftables a Linux 3.13 a 2014 don ya gaji iptables, ƙungiyar da ta gina shi, wadda Pablo Neira Ayuso ke cikinta, ba ta sa masa irin wannan bincike ba. Abin da ta ba shi shi ne ikon duba bayit a wani ƙayyadadden wuri a cikin ƙunshi.