Raga ko buɗe ƙirji: shawara ga mai toshewar babbar jijiyar zuciya

Ƴan uwa na gida da na ƙetare, idan likita ya ce dattijo yana da toshewa a babbar jijiyar hagu ta zuciya, waya takan fara bugawa ne Abijan, Libiya ko Faransa. Ƴan ci-ranin Adar su ke biyan kuɗin, su kuma ake tambaya: a sa raga ko a buɗe ƙirji?

Jijiyar nan gajera ce, amma ita ke shayar da mafi yawan ɓangaren hagu na zuciya, wanda ke tura jini cikin jiki duka. In ta toshe ɗungum, mutum na iya faɗuwa nan take. Hanya biyu ake gyara ta. Ko a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya, a buɗe wurin da ƴar ragar ƙarfe da ake kira sitent, kwana ɗaya ko biyu a sallami mutum. Ko kuma a tsaga ƙashin ƙirji, a ɗauko jijiya daga ƙirjin ko daga ƙafa, a yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye toshewar, abin da likitocinmu ke ce ma pontaj. Wannan kam sai kwanciyar mako guda, da wata biyu zuwa uku babu hauya, babu ɗaukar buhun albasa.

Kowa ya ji haka zai ce raga. To, su kansu masanan sun sha gardama. Wani babban bincike mai suna EXCEL ya nuna a 2019 cewa bayan shekara biyar, 13 cikin 100 na masu raga sun rasu, masu tiyata kuwa kusan 10. A Disamban shekarar BBC ta bankaɗo cewa akwai alƙaluman bugun zuciya da ba a fitar ba, har ƙungiyar likitocin tiyatar zuciya ta Turai ta janye hannunta daga ƙa'idojin da anka shimfiɗa. A 2021 mujallar Lancet ta haɗa bincike huɗu, mutum 4,394. Wajen mutuwa tazarar kaɗan ce, 11.2 da 10.2. Amma waɗanda sunka koma anka sake musu aiki, 18 cikin 100 ne a masu raga, kusan 11 a masu tiyata. Ƙa'idar Turai ta 2024 ta fifita tiyata ga wanda jikinsa zai ɗauka, ta kuma yarda da raga idan toshewar mai sauƙi ce.

Mu a nan Tawa, maganar komawar nan ta fi tsaya mana a rai. Mutanen da anka yi binciken a kansu suna kusa da manyan asibitoci. Mutumin Takanamat ko Barmu fa? Daga Tawa zuwa Yamai ma ya haura kilomita 500, balle wanda anka yi wa aikin a Tunis ko Indiya. Raga kuma tana da sharaɗi: magani biyu masu hana jini daskarewa, asfirin da kulofidogirel, kullum, wata shida zuwa shekara, daga nan ɗaya har ƙarshen rayuwa. Wanda ya bari don ordonas ta ƙare ko farmasi ta yi nisa, ragar na iya toshewa farat ɗaya. Kuma mun san halinmu, da an ji sauƙi sai a aje magani.

Ba mu ce kowa a tsaga shi ba. Tsoho mai rauni, mai ciwon huhu ko na ƙoda, raga na iya fiye masa, kuma shanyewar jiki ta fi yawa a kwanakin farko bayan tiyata. Mai ciwon sukari da jijiyoyi da dama sunka toshe, shi ne tiyata ta fi yi wa rana.

Kafin ku aiko da kuɗi, ku roƙi likitan raga da likitan tiyata su duba hoton jijiyoyin tare. Ku tambayi kuɗin maganin shekara guda, da wanda zai riƙa duba malam a asibitin Tawa idan ya dawo.