Tsofaffin Makaɗan Kwatano Da Masu Cewa Ba Kamar Da Ba

Duk wanda ya haura shekara hamsin a ƙasar nan ta Benin, Bahaushe ne ko Badande ko Bafillace, ya san amon ƙungiyar Poly-Rythmo ko da bai riƙe sunanta ba. Rediyon gwamnati ne ya shigar da ita kunnuwanmu tun zamanin da ake kiransa Muryar Juyin Juya Hali, ya ɗauko ta daga Kwatano har nan bakin Kwara, tafiyar da ta ɗara kilomita 700. Yawancinmu a Madekali da Malanbil ba ma jin harshen Fon da suka fi rera waƙa da shi, amma mun san lokacin da mai ganga zai juya, mun san inda masu busa za su shigo.

Yanzu waƙoƙin sun dawo ta cikin wayoyin 'ya'yanmu, tsofaffi da sababbi a haɗe, kuma sun dawo da gardama. Masoyan ƙungiyar sun rabu kan faifai biyu da ta fitar cikin tsufanta, wato Cotonou Club na 2011 da Madjafalao na 2016. Wasu na ganin rahama ce a ce dattawan nan sun sake riƙe kayan sana'arsu. Wasu kuwa, galibinsu sa'o'ina, cewa suke yi suna kawai ya rage, an yi kiɗan ne domin kunnen Bature, kuma da an bar mu da abin da muka sani da ya fi. Ni ina cikin masu ganin cewa sababbin ba su kai tsofaffin zafi ba. Amma hukuncin da ake yankewa a kan wannan dalili, a ganina, bai yi wa mutanen nan adalci ba.

Mélomé Clément ne ya kafa ƙungiyar a Kwatano a 1968. Daga baya suka maƙala wa sunanta haruffan T.P., wato Tout Puissant, irin laƙabin da ƙungiyar Franco ta Kwango ta ɗauka. Ma'anarsa mai iko duka, kuma duk wanda ya zauna gaban malam ya san Mai wannan suna ɗaya ne. Abin da ya same su daga baya ya isa tafsiri. A shekarun 1970 babu kamarsu a ƙasar. Sun haɗa kiɗan gargajiyar kudu, irin su sato da sakpata, da salon James Brown na Amurka, da na Fela na Ikko, da na Kuba da Kwango. Ana ƙiyasta waƙoƙin da suka naɗa sun kai 500. Da yawa daga cikin mafi kyawunsu sun fito ne ta kamfanin Albarika Store na Seidou Adissa, wanda yakan kai su ɗakin naɗa faifai na EMI a Ikko. Da Kérékou ya karɓi mulki a 1972, ƙasa ta koma Benin daga Dahomey a 1975, sun yi wa juyin juya halin waƙoƙi kamar yadda makaɗin fada yake yi wa mai gari. Sato da sakpata kiɗan bautar gargajiya ne a asalinsu, kuma malamanmu suna da magana a kan wannan da ma kiɗa gaba ɗaya. Wannan babi ne dabam. Nawa zancen a kan haƙƙin mai sana'a ne da sunan da ya bari.

A farkon shekarun 1980 mutuwa ta ɗauke musu ginshiƙai biyu, mai jita Papillon da mai ganga Yéhouessi Léopold. Tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, har ma'aikata suka yi watanni ba albashi. Wanda bai ci ba ba ya zuwa gidan rawa. Kaset ya zo, mai kwafa ya ci riba, mai waƙa ya tashi hannu wofi. Ƙungiyar ba ta watse ɗungurungum ba, amma ta shafe shekara ashirin da wani abu ba ta fitar da sabon faifan da aka sani ba. A cikin shekarun nan ban ji wani daga cikin masu kukan yau ya tambayi me mutanen nan suke ci ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baƙi ne suka zo suna bin gidaje da tsofaffin shaguna suna sayen fayafayan da muka jefar a lungu. Kamfanin Soundway na Ingila ya fitar da tarin waƙoƙinsu a 2004. Samy Ben Redjeb, mai kamfanin Analog Africa da ke Jamus, ya fitar da The Vodoun Effect a 2008, ya biyo da Echos Hypnotiques a 2009. Wata 'yar jarida Bafaranshiya, Élodie Maillot, ta tsaya musu har suka taka Turai a 2009, bayan shekara arba'in da kafuwa. Daga wannan tafiyar aka haifi Cotonou Club, wanda aka naɗa a Faris.

To, a nan masu suka suna da abin kamawa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wani kaso na faifan maimaita tsofaffin waƙoƙi ne, har da Gbeti Madjro da suka sake yi tare da Angélique Kidjo. An gayyato Fatoumata Diawara ta Mali, an kuma gayyato mutum biyu daga ƙungiyar Franz Ferdinand ta Burtaniya. Wannan gayyatar ta ƙarshe ba domin direban da ke jigila tsakanin Kandi da Malanbil aka yi ta ba, domin mai sayen tikiti a Landan aka yi ta, kuma kunne yana ji. Ɗan kasuwa yana kai hajarsa inda ake saye. Mu da muke loda wa mota albasa zuwa kudu saboda can ne take da daraja, bai kamace mu mu ga laifin wannan ba.

Akwai kuma ƙorafin cewa amon ya yi santsi, an wanke shi, babu ƙurar nan da kaushin da suka sa tsofaffin waƙoƙin suke tsuma mutum. A tuna daga ina kaushin ya fito. Waƙoƙin da aka tara a The Vodoun Effect an naɗe su ne wa ƙananan kamfanoni, da na'ura ƙwaya ɗaya da makirufo ɗaya ko biyu, a cikin gidajen mutane. Rashin kayan aiki ne ya haifi wannan amo. Samari masu jini a jika suka mayar da rashin ya zama ado. Wanda ya ce lallai dattijo mai shekara sittin da ɗoriya ya koma wannan hali domin shi ya ji daɗi, yana neman wani ya dawwama cikin talauci ne saboda ya adana masa ƙuruciyarsa. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Kunnen da ya ji Gbeti Madjro yana ɗan shekara goma sha biyar, a daren salla, ba shi ne yake sauraro yau da ciwon gwiwa da kuɗin makarantar yara a ka ba. Rabin abin da muke cewa ya ɓace daga faifan, daga jikinmu ya ɓace.

Gardamar da ta fi nauyi ita ce ta suna. Mélomé Clément ya rasu a watan Disamba na 2012. Mawaƙinsu Lohento Eskill ya riga shi. Da Madjafalao ya fito a 2016, wanda shi a Kwatano aka naɗa shi, sai aka ce ina Poly-Rythmo take alhali mai ita yana ƙasa? Aikina rubuta abin da ake yankewa ne a zauren dattijon da nake yi wa hidima, kuma rabin ƙarar da ke zuwa can ta gado ce. Abin da zaman nan ya nuna mini shi ne abin da mamaci ya bari iri biyu ne. Akwai wanda ake rabawa, kowa ya ɗauki nasa ya tafi. Akwai wanda ba ya rabuwa, sai dai a riƙe shi ko a sake shi ya mutu, kamar makarantar allo. Malam yakan rasu, almajirin da ya fi daɗewa a gabansa ya hau buzu, a ci gaba da kiran makarantar da sunan mai ita, kuma babu mai cewa an yi ƙarya. Abin da ake tambaya shi ne a wurin wa ya ɗauka, shekara nawa ya zauna.

A kiɗan Hausa ma muna da misalin duka biyun. Dan Maraya Jos shi kaɗai ne da kuntiginsa, ba ɗan amshi ba mataimaki. Da ya rasu a 2015 sana'ar ta bi shi, kuma duk wanda ya ɗauki sunan yau kwaikwayo yake yi. Musa Dankwairo kuwa gida ne. Ya gaji kiɗan daga mahaifinsa, ya yi amshi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja gaba, kuma bayan rasuwarsa a 1991 'ya'yansa suka riƙe kotso. Mai sauraro yana da damar cewa muryarsu ba ta kai ta tsohon ba. Ba shi da damar cewa ba gidan Dankwairo ba ne.

Poly-Rythmo irin ta biyun ce, sai dai zama tare ne ya haɗa su a maimakon jini. Waɗanda suka ja ragamar Madjafalao, mawaƙi Vincent Ahéhéhinnou da mai jitar ƙasa Gustave Bentho da mai busa Pierre Loko, mutane ne da aka yi zamanin ɗaukakar da su. Su suka san yadda ake ɗora muryar waƙa a kan sato ba tare da ta karye ba, kuma wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Faifan ƙarshen rayuwa irin wannan, a wurina, kamar shaidar dattijo ce a gaban alƙali. Muryarsa ta yi rauni, amma shi ya ga inda aka kafa iyakar gonar. Samarin da aka ɗauko suka cike gurbin mamatan sun zauna da su a ɗakin naɗi da kan dandali, sun karɓa hannu da hannu. Ranar da na ƙarshen dattawan ya kau, in babu wanda ya karɓa, aka tara baƙi aka liƙa musu sunan domin tikiti, to a ranar zan shiga sahun masu suka. A 2016 ba a kai can ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya biya. Mai ƙorafin nan, in ka bincika, waƙoƙin a katin waya ya same su, an tura masa ɗari a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba, kuma ko sisi bai isa hannun mai waƙa ko marayunsa ba. Baturen da muke zargi da lalata kiɗan shi ne ya sayi faifai, ya sayi tikiti. Hausawa sun san wannan ƙa'ida tun fil azal: makaɗi yana fuskantar wanda ya yi masa kyauta. Shata bai taɓa ɓoye wannan ba, shi ya sa sunayen direbobi da attajirai suka cika waƙoƙinsa.

Kuma ba sai mun je kudu ba. A nan arewa muna da Super Borgou ta Paraku, ta Moussa Mama, wadda ta rera da Barganci da Dandanci, harshen da muke ciniki da shi kullum a kasuwar Malanbil. Da Analog Africa ta tattara waƙoƙinta na 1970 zuwa 1976 ta fitar a 2012, mutanen Jamus da Faransa suka san ta, yaranmu ba su san ta ba. Wannan ma wadda ta yi sa'ar shiga faifai ke nan. Masu kalangu da masu goge da suka yi wa iyayenmu bikin aure tsakanin nan da Gaya da Illo da Kamba, yawancinsu ba a taɓa naɗar muryarsu ba. Yau an fi son ɗauko yaro da lasifika da kwamfuta, ya fi arha. Tsofaffin suna nan, wasu sun koma noman shinkafa a fadama, wasu suna zaune a ƙofar gida, kayan kiɗan na rataye fata ta bushe.

Wayar da muke sauraron Madjafalao da ita muna taɓe baki tana iya naɗar murya. Duk unguwar da take da irin wannan dattijo, a samu yaro mai natsuwa ya zauna da shi yamma biyu ko uku, a tara masa sauran 'yan amshinsa in suna raye, a rubuta sunan kowa da wanda ya koya masa da waƙar da aka yi wa wa, a kuma sallame shi da abin da ya dace da mai sana'a, kada a ba shi kamar sadaka. Bayan girbin shinkafa ya fi dacewa, lokacin da hannu yake da ɗan abu kuma mutanen ba sa fadama.