Jinjina ga Masu Leƙa Kududdufin iSimangaliso

Duk wanda ya je gandun iSimangaliso, a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, dorina da kada yake zuwa gani a tafkin St Lucia. Tun 1999 UNESCO ta sanya wurin cikin kayan gadon duniya. Amma wasu masana uku, Renzo Perissinotto da Matthew Bird da David Bilton, sun bar manyan dabbobi sun durƙusa bakin ƙananan ruwaye da 'yar komarsu, suna neman ƙwarin da babu mai ɗaukar hotonsu. Yabon gwani ya zama dole.

Daga 2013 zuwa 2015 sun yi zuwa uku, sun tace ruwa a wurare 32, suka samo aƙalla iri 68 na ƙwarin ruwa masu farauta, mafi yawansu masu nutso. Wasu ba a taɓa rubuta ganinsu a ƙasar ba. Kafin su, babu wanda ya zauna ya ƙidaya wannan dangi a gandun.

Ƙwaro mai nutso abin kallo ne. Yakan ɗago bayansa saman ruwa ya cusa iska ƙarƙashin fukafukansa masu tauri, sannan ya nutse da guzurin numfashinsa, yana tuƙi da ƙafafun baya kamar filafilin kwalekwale. Tsutsarsa na kama talibambam da 'ya'yan sauro ta zuƙe su. In ruwa ya ƙafe, baligin sai ya tashi sama ya nemi wani. Yawan irinsu a wuri kan nuna lafiyar ruwan.

Babban abin da binciken ya tono shi ne inda suka fi tattaruwa. Ire-iren mazari da dodon koɗi sun fi yawa a ruwan da ba ya ƙafewa, amma wuraren da suka fi tara ire-iren ƙwarin nan yawancinsu kududdufai ne masu cika da damina su bushe da rani. Ashe ramin da ido ke rainawa ma taska ne.

To, da sauran rina a kaba. Ƙidaya ta shekara uku ba ta nuna abin da ke raguwa. Sai an riƙa komawa wuraren nan bayan fari da bayan ambaliya. Hukumar gandun ta cancanci godiya kan sare gonakin itatuwan katako masu shanye ruwan ƙasa, sai dai wajibi ne ta sa kowane kududdufi a taswirarta, kada hanya ko masaukin baƙi su cike shi don an same shi a bushe. A kuma horar da matasan ƙauyukan kewaye su iya gane ƙwarin nan, domin su ne ke nan ranar da ruwan farko ya sauka.

A sake ɗaukar koma.