Kyautar Nazarin Yahudawa Ba Gadon Gida Ba Ce

A jami'o'in Amurka da Kanada da Ingila, sassan da ke koyar da tarihi da addini da adabin Yahudawa kan ba ɗaliban digiri na farko kyauta a ƙarshen shekarar karatu. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Ɗalibi ya miƙa maƙalar da ya rubuta a wani darasi, ko kundin kammala digirinsa, kwamitin malamai ya karanta ya zaɓi wanda ya fi, a ba mai shi 'yan ɗaruruwan daloli da takardar shaida. Galibi kyautar na ɗauke da sunan attajirin da ya bar wakafi, ko malamin da ya rasu. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Amfanin kyautar yana bayyana ne ranar da ɗalibi ya zo neman gurbin digiri na gaba.

Ra'ayin da ya yaɗu shi ne cewa harkar ta cikin gida ce: Yahudawa ke ba da kuɗi, su ke alƙalanci, 'ya'yansu ke karɓa, manufa kuwa ita ce a cusa wa matasa son asalinsu da kare Isra'ila. Masu ƙin Yahudawa da wasu masu kishin al'ummar sun haɗu a kan wannan fahimta, sai dai waɗancan zargi suke yi, waɗannan kuwa murna. Dukansu sun jahilci fannin da ake ba da kyautar a cikinsa.

Tushen fannin yana Balin, inda a 1819 Leopold Zunz da abokansa suka kafa ƙungiyar nazarin al'adun Yahudawa. Abin da suka nema shi ne a karanta littattafansu da irin ma'aunin da ake karanta na Girkawa da Romawa: wa ya rubuta, yaushe, daga wa ya ɗauko. Da fannin ya shiga jami'o'in Amurka, bai sauka daga kan wannan turba ba. Harvard ta ba Harry Wolfson kujerar farfesa a 1925, kuma cikin manyan littattafansa akwai wanda ya fito a 1976 kan ilmul kalam na Musulmi. Jami'ar Columbia ta ɗauki Salo Baron a 1930, ta kuma ajiye shi a sashen tarihi, kusa da masu koyar da tarihin sauran al'ummomi. Peter Schäfer, ɗaya daga cikin manyan masanan addinin Yahudanci na wannan zamani, wanda ya daɗe yana koyarwa a Princeton, ba Bayahude ba ne.

Masu zargi suna da abin kamawa, kuma babu amfanin ɓoye shi. Mai ba da kuɗi yakan so ya ji muryarsa a aji. A 2022 Jami'ar Washington da ke Seattle ta mayar da dala miliyan 5 ga wadda ta ba da su, bayan farfesar da ke kan kujerar nazarin Isra'ila ta sa hannu a wata sanarwa mai sukar Isra'ila. A 2014 Aaron Hughes, malami a fannin, ya rubuta maƙala yana ƙorafin cewa an bar kishin al'umma ya mamaye shi. To amma labarin Seattle ya nuna abu biyu ne: an matsa, kuma kuɗin ne suka tafi, malamar ta ci gaba da koyarwa. Ƙorafin Hughes kuwa daga cikin gida ya fito, kuma fannin da aka gina don farfaganda ba ya barin 'ya'yansa su tona shi a bainar jama'a.

Babbar hujja tana cikin takardun da fannin ke nazari. A 1896 zuwa 1897 Solomon Schechter ya kwaso guntayen rubuce-rubuce kusan 193,000 daga wani ɗaki a wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra da ke tsohuwar Alƙahira, ya kai su Cambridge. Mutanen wurin ba sa jefar da takardar da ake zaton tana ɗauke da sunan Allah, kamar yadda almajiri ba ya barin warƙar Alƙur'ani a ƙasa, shi ya sa ɗakin ya tara har da wasiƙun fatake, takardun aure da saki, rasiɗan bashi da umarnin likitoci. Da yawansu Larabci ne da aka rubuta da haruffan Ibrananci. Daga cikinsu S. D. Goitein ya rubuta mujalladi biyar da suka fito tsakanin 1967 da 1988, waɗanda masu tarihin daular Faɗimawa ba sa iya aiki ba tare da su ba. Malamin Yahudawa Musa bin Maimun ma da Larabci ya rubuta Dalalatul Ha'irin. Ke nan ɗalibin da ya ƙoshi da nahawu da sarfu, ya kuma zauna ya koyi haruffa 22, ya riga takwaransa da bai san komai ba sai Turanci shiga wannan taska.

Tarihin ya taɓo ƙasar Hausa ma. Shaihu Al-Maghili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, shi ne ya jagoranci yaƙi da Yahudawan Tuwat a kudancin Aljeriya, har aka rushe wurin ibadarsu a Tamantit wajajen 1492, bayan malaman Magrib sun yi saɓani a kan hukuncin. John Hunwick ya yi littafi a kan lamarin a 2006. Maƙala a kan fatawoyin waɗannan malamai nazarin Yahudawa ce tsantsa, kuma ta cancanci shiga gasar.

Laifin da ya rage na sassan ne. Wanda ya liƙa sanarwar gasa a ƙofar ofishinsa kaɗai, ko ya aika ta ga ƙungiyar ɗaliban Yahudawa ya tsaya nan, shi ke ciyar da zargin da yake kuka da shi. Ya kamata sanarwa ta isa sassan Larabci da tarihi da falsafa, a cire sunan ɗalibi kafin alƙalai su karanta, a kuma fifita wanda ya sha wahalar karanta madogara cikin harshenta na asali, Ibrananci ne ko Yidish ko Ladino ko Larabci, a kan wanda ya iya jera Turanci mai daɗi game da abin da ya ji a zuciyarsa. Kwamitin da ya kasa yin haka, tukuicin zumunci yake rabawa, kuma bai kamata ya buga masa hatimin jami'a ba.